Ganye, icce da saiwa: yadda za ka karanta itacen Damagaram kafin ka dasa shi

Kowace shekara ranar 3 ga watan Agusta ana dashen itatuwa ko'ina cikin Nijar, al'adar da aka soma tun 1975. A makarantu, a bakin hanyoyi, a filayen hukuma, ana haƙa rami ana saka dashe. Kafin zafin watan Afrilu ya wuce, da yawa daga cikinsu sun zama busassun tsinke. Akan ɗora laifin a kan awaki, ko gara, ko rashin mai ban ruwa, kuma ko wannensu yana da nasa kason. Amma akwai dalilin da ba a cika faɗa ba, wanda a ganina ya fi su nauyi: ana kai icce wurin da jikinsa bai shirya zama ba.

Saiwa ce ke nemo ruwa, icce ke kai shi sama, ganye ke kashe shi. Waɗannan ukun ba kowa ke gaban kansa ba. In ganye mai ɓarnar ruwa ne, to dole ko dai saiwa ta kai inda ruwa ba ya ƙarewa, ko gangar iccen ta zama ma'aji, ko kuma ganyen ya kaɗe da zarar damina ta ɗauke. Wanda ya iya duba ukun tare, ya kuma duba wurin, zai san abin da zai rayu a gonarsa kafin ya kashe ko dala. Wannan jagora ta manomi ce, da mai renon dashe, da ɗalibin da ke neman aikin bincike wanda ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada.

Mataki na farko: san inda kake tsaye

Jihar Damagaram tana da sauyi iri biyu, kuma dole ka riƙe su duka a kai. Na farko daga kudu zuwa arewa ne. A Magariya da Matamaye ruwan shekara yakan kai wajen milimita 600. A birnin Zinder yakan tsaya tsakanin 400 da 450. In ka kai Tanut, ƙasar Damargu, da wuya ya cika 300, kuma can ne ake shiga yankin da dokar 1961 ta keɓe wa makiyaya. Daga nan zuwa Teskar sai rairayi. Tafiyar da ba ta kai kilomita 250 ba tsakanin Magariya da Tanut ta isa ruwa ya ragu da rabi.

Na biyu shi ne wanda mutane suka fi mantawa, alhali yana nan a bayan kowane gari: daga tudu zuwa kwari. A kwarin Korama, wajen Wacha da Gidimuni, ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai, shi ya sa ake rake da dabino da lambu. Ka hau jigawar da ke kallon kwarin, tafiyar minti goma da ƙafa, sai rijiya ta yi zurfi. Birnin Zinder kuwa a kan dutse yake zaune, ƙasar da ke bisansa ba ta da kauri, kuma wannan ne asalin matsalar ruwan da garin ya daɗe yana fama da ita. Don haka gona biyu masu ruwan sama iri ɗaya za su iya zama duniya biyu ga saiwa.

Abin da za ka yi kafin komai: ka tambayi masu jan ruwa gaba nawa igiyar guga take ci a rijiya mafi kusa, a watan Mayu, ba a kaka ba. Ka jiƙa ƙasar wurin ka murza ta a tafin hannu; in ta wargaje jigawa ce, in ta naɗu ta yi igiya laka ce. Ka haƙa rami kamu biyu ka ga ko za ka ci karo da tsakuwa, ko dutse, ko farin kanwa. Ka rubuta duka. Daga nan ka zaɓi wurare uku, tudu da gangare da kwari, kowanne ka auna fili mai tsawon taki ɗari da faɗin taki goma, ka ƙirga kowane irin icce da ke ciki. Ƙirgar tana da muhimmanci, domin icce ɗaya tilo da wani ya dasa yana ba shi ruwa ba ya ba da labarin wurin. Wanda ya yawaita da kansa shi ke faɗin gaskiya.

Ka nemi izinin mai gona kafin ka taɓa ko reshe. Gawo da wasu itatuwa doka ta kare su, kuma tun zamanin sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 an san hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. In aikin makaranta ne, ka fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji.

Mataki na biyu: ganye

Ka je sau biyu: ƙarshen Agusta ko farkon Satumba lokacin da kowa ya cika ganye, sannan a Maris ko Afrilu don ka ga wa ya rage da kore. A kowane iri ka zaɓi itatuwa biyar manya, ka tsinko ganye goma a kowanne daga gefen da rana ke bugu, waɗanda suka gama girma kuma tsutsa ba ta ci ba. Ganyen inuwa ya fi faɗi da laushi, zai ruɗe ka.

Kafin ka auna komai, ka yi amfani da yatsunka. Ɗauki ganyen anza a hannun dama, na zogale a hagu. Na anza yana da kauri, in ka lanƙwasa shi sai ya karye da ɗan sauti, jijiyoyinsa farare sun fito fili, bayansa yana da kaushi. Na zogale kuwa ko murza shi ka yi sai ya zama ruwa a yatsa. Ajiye su biyun a inuwa bayan azahar, ka dawo da la'asar: zogale ya yi yaushi ya kwanta, anza yana nan yadda ka bar shi. Abin da ka gani da idonka shi ne abin da masana suka tabbatar a wani babban bincike da aka wallafa a 2004, wanda ya tattara ganyen tsirrai fiye da iri 2,500 daga wurare 175 na duniya. Ganye marar kauri yana da arhar ƙerawa, yana cike da naitirojin, yana haɗa abinci da sauri, amma ba ya daɗewa. Mai kauri yana da tsada, aikinsa a hankali, amma yakan yi shekara ko fiye. Kamar ƴan kasuwa biyu ne, mai tumatir da dole ya juya jarinsa yau, da mai hatsi a rumbu da zai jira bazara. Duk biyun suna cin riba, amma ba wanda zai iya yin sana'ar biyu da jari ɗaya.

Awon da ke kama wannan bambanci mai sauƙi ne. Ka ɗora ganyen a kan takardar lissafi mai gida-gida na milimita biyar, ka zagaye shi da fensir, ka ƙirga gidajen. Kowane gida huɗu santimita ɗaya ne murabba'i. Sannan ka zuba ganyen a ambulan ɗin takarda, ba leda ba, ka rataye ƙarƙashin rufin kwano har nauyinsa ya daina raguwa. A ɗakin gwaji ana busarwa a zafin digiri 70 na kwana uku, amma rufin kwanon Zinder ba ya kasawa da yawa. Ka auna da ƙaramin sikelin nan na masu sayar da zinari, wanda ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Raba faɗin da nauyin. Lamba babba, ganye mai sauri. Lamba ƙarama, ganye mai haƙuri. Ga masu ƙananan ganye irin gawo da bagaruwa da kandili, ka shimfiɗa ganyen duka ka ɗauki hoto da waya tare da ma'auni a gefe, domin ƙirga ƴan ganyen ɗaya bayan ɗaya zai cinye maka yini.

Sai ka lura da girma da fuska. Ƙaramin ganye iska tana saurin ɗauke masa zafi, shi ya sa masu ƙaya na arewa suke da ganye tsit-tsit. Sabara tana da gashi mai toka-toka da ke mayar da hasken rana. Kalgo yana da ganye mai kunne biyu da yakan naɗe. Aduwa ƙayarta da ƙananan rassanta kore ne, suna ci gaba da aikin ganye ko ta kaɗe. Kalimbo ya kusan yafe ganye ɗungum, karansa ke yin komai. In kana son sanin tsawon ran ganye, ɗaura zare mai launi a gindin sabbin ganye ashirin, ka riƙa leƙawa kowane wata.

Mataki na uku: icce

A nan masassaƙa da maƙera sun riga masana. Duk wanda ya san turmi ya san na kirya ne ke daɗewa, kuma gawayin kirya maƙera ke nema. Ba wanda ke sassaƙa turmi da kuka, ba kuma matar da za ta so ta hura wuta da ita. Wannan sanin ne za mu mai da lamba.

Yanko reshe mai kaurin babban yatsa, tsawon ɗan yatsa, daga kowane icce. Ɓare ɓawon tun yana ɗanye. Ɗora kofi mai ruwa a kan sikeli ka mai da shi sifiri. Soke guntun iccen da allura, ka danna shi cikin ruwan har ya nutse gaba ɗaya ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba. Lambar da sikeli ya nuna a giram ita ce girman guntun a santimita kubik, domin giram ɗaya na ruwa daidai yake da santimita kubik ɗaya. Ka busar da guntun sarai, wanda yakan ɗauki makonni a rufin kwano, ka auna, ka raba busasshen nauyin da girman. Kuka da zogale za su ba ka wajen 0.2 zuwa 0.3. Gawo yana tsakiya, wajen rabi. Aduwa da bagaruwa sun fi haka nesa, kirya da marke kuwa suna can sama. Reshe ba ya kai gindi nauyi, don haka kada ka gwama awon reshe da awon gungume.

Me ya sa nauyin icce ya shafi fari? Cikin icce akwai ƙananan hanyoyi da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye, kuma ba tura shi ake ba, ganye ne ke jawo shi yayin da yake fitar da tururi. In ƙasa ta bushe, jan yana ƙara tsanani, har ya kai iska ta kutsa cikin hanyar ta yanke ruwan. Hanyar da iska ta shiga ta daina aiki. In suka yawaita, sai ka ga reshe ya bushe daga tsini, abin da muke gani a bisan manyan itatuwa bayan shekarar fari. Icce mai nauyi yawanci hanyoyinsa suna da bango mai kauri da ke jure wannan ja. Farashinsa shi ne jinkirin girma. Wanda ya dasa kirya yana son inuwa cikin shekara uku zai yi fushi da ita a banza.

Icce marar nauyi kuma ba rago ba ne, wata dabara ce daban. Gangar kuka galibinta ruwa ne, bincike a kan kukokin Madagaska ya sami fiye da kashi 70 cikin ɗari. Da wannan ajiya take fitar da sabon ganye a bazara tun ruwan farko bai sauka ba, abin da duk mai zuwa Mirya neman ganyen miya ya sani. Dashi da aguwa haka suke, shi ya sa za ka sare reshensu ka kafa a ƙasa ya kama, aguwa har ana tsayar da tudun rairayi da ita a wajen Gure. Irin waɗannan ba su jira ƙasa ta bushe. Da kaka ta yi sai su zubar da ganye su rufe ƙofa.

Mataki na huɗu: saiwa

Wannan ne mafi wuya, kuma shi ne wanda ya fi yanke hukunci a ƙasarmu. Kada ka tone babban icce. Ka nemi inda ƙasa ta riga ta buɗe kanta: bakin kwazazzabo bayan damina, ramin da aka ɗebi ƙasar gini, gefen sabuwar rijiya. Masu haƙar rijiya su ne malaman wannan fanni, ka zauna da su ka tambaye su saiwar me suke tararwa, a gaba na nawa.

Abin da za ka iya aunawa da kanka shi ne ƴan tsiro. A watan Satumba ka nemi waɗanda suka fito da kansu a jigawa. Ka haƙa rami a gefe, tazarar taki ɗaya, sannan ka riƙa zuba ruwa kana zare ƙasa da tsinke zuwa wajen saiwar. Ɗan gawon da bai wuce tsawon tafin hannu ba a sama, za ka bi uwar saiwarsa siririya, miƙe sambal, har hannunka ya shige rami zuwa kafaɗa ba ta ƙare ba. Ka auna tsawon sama da na ƙasa, ka busar da su daban-daban ka auna nauyi. Yadda tsiro ya raba ƙarfinsa a watanninsa na farko yana nuna inda ya dosa. A Dosi ta Burkina Faso an tabbatar gawo yana sha daga ruwan ƙasa mai zurfin mita bakwai, a arewacin Senegal kuma an bi ƙarƙashinsa har wajen mita 30. Wani ɗan'uwan anza a hamadar Kalahari an sami saiwarsa a mita 68.

Sai ka duba ƙananan saiwoyi. A jikin na wake, da gawo, da bagaruwa, da dakwara, za ka ga ƴan ƙulli-ƙulli. Tsaga ɗaya da reza: in cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin bakteriya da ke ciki suna aiki, suna kamo naitirojin daga iska suna ba tsiron. Wannan ne ya sa waɗannan itatuwa ke iya yin ganye mai gina jikin dabba a ƙasar da ba ta da taki. Kalgo da tsamiya danginsu ne, amma ba a san su da wannan ƙulli ba. Kaurin ƙananan saiwoyin ma yana da magana: wasu tsirrai suna yin sirara masu yawa su nemi abinci da kansu, wasu suna yin masu kauri su bar wani irin fumfunar ƙasa ya nemo musu sinadarin fosfat su biya shi da sukari. Wannan zaɓi bai bin saurin ganye ko haƙurinsa, hanyarsa daban. A jigawarmu, inda fosfat ya yi ƙaranci ƙwarai, ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na biyar: haɗa ukun wuri ɗaya

Yanzu ka ja layi a littafinka, kowane iri da layinsa: lambar ganye, watan da yake kaɗewa, nauyin icce, siffar saiwa, da inda ya yawaita. Za ka ga sun soma taruwa gida-gida.

Akwai masu tsere da damina: ƙarangiya, tafasa, komayya, har da hatsinmu. Ganye mai sauri, kara marar nauyi, saiwa a sama-sama, su gama komai cikin wata biyu ko uku su bar iri ya yi jiran baɗi. Akwai masu jurewa, anza da jiga da aduwa: ganye mai kauri da ke kai rani, icce mai ƙarfi, saiwa mai nisa. Ba banza ba anza ke ba da dilo, wato ƴaƴansa da ake ci, a shekarar da hatsi ya ƙi. Akwai masu ajiya, su kuka da dashi. Sai masu shan ruwan ƙasa, gawo da goriba da dabino.

Mutum zai zaci in ana tafiya arewa ganye sai ƙara kauri yake yi kawai. Ba haka abin yake ba, kuma wannan ne na fi so ɗalibai su gani da idonsu. A Damargu za ka tarar da ƙarshen biyu duka: ciyawar da ke gama rayuwa cikin makonni, da jiga da ba ta kaɗewa. Waɗanda ke ɓacewa su ne na tsakiya, manyan itatuwa masu faɗin ganye da ke bukatar damina mai tsawo kafin ganyen ya biya kuɗinsa, irin ɗorawa da kanya da marke. A kudancin Magariya kana ganinsu, kana wuce Zinder sai a kwari kaɗai, daga baya babu.

Gawo kuwa shi ke koyar da cewa ganye shi kaɗai yana yaudara. In ka auna ganyensa, lambar mai sauri ce, irin ta wanda bai kamata ya ga watan Maris ba. Amma shi a damina yake tsirara, a Oktoba ya yi ganye, ya yi kore shar duk tsawon rani. Saiwarsa ce ta sa hakan ya yiwu. Domin haka ne ya cika gonakin Magariya da Matamaye da Mirya, inda rairayi ke da zurfi kuma ruwan ƙasa yana kamuwa: ba ya yi wa hatsi inuwa da damina, ganyensa ya zama taki, ƴaƴansa abincin bisashe. Ka kai shi kan fako mai dutse a ƙarƙashi, sai ya tsugune shekara da shekaru. Tumfafiya ma haka, ganye fankacece a tsakiyar rani, amma ka shafa shi ka ji kakin da ya rufe shi, ka kuma gwada tuge ta ka ji inda saiwar ta tafi.

Kada kuma ka tilasta wa lambobinka su yi layi. Bagaruwa da kandili suna da icce mai nauyi amma ganyensu marar kauri ne mai yawan naitirojin. A dazuzzukan Amazon ma an sami cewa halin ganye da halin icce ba lallai su tafi tare ba. Abin da ba ya canzawa shi ne lissafin ruwan dole ya daidaita, ta kowace hanya. In ka ga ganye mai ɓarna da icce mai nauyi wanda ba ma'aji ba, ga shi kuma kore a Afrilu, ka tabbata amsar tana ƙasa. Ka tuna kuma ba ruwa kaɗai ke tace itatuwa ba. Kusa da rijiyar makiyaya bakin dabba ne ke zaɓe, sai mai ƙaya da mai ɗaci ke saura. A kwaruruwan Gure kanwa ce ke zaɓe, shi ya sa goriba ke kewaye su.

Mataki na shida: zaɓi da dashe

A jigawa mai zurfi inda rijiya ba ta yi nisa ƙwarai ba, gawo ne na farko, sai aduwa da magarya. A fako da ƙasa mai tsakuwa, dakwara da kandili, amma sai an haƙa musu ramin rabin wata ko tassa don ruwa ya tsaya ya shiga. A laka inda ruwa ke kwanciya, bagaruwa. Mangwaro, gwaba, lemo da itacen turare masu sha ne da yawa, wurinsu kwari ko cikin gida inda akwai mai ba su. Turare ma ban ba da shawarar a sa shi kusa da rijiyar lambu ba. Zogale a lambu ko bayan ɗaki. Kuka tana son wuri mai faɗi, domin saiwarta a sama take yaɗuwa nesa da gindi, za ta yi takara da shukar da ke kusa.

Iri kuma ka san inda ka samo shi. A gwajin da aka yi a Nijar da irin kirya daga wurare daban-daban, wanda aka tsinto daga yankuna masu ƙarancin ruwa ya fi rayuwa da girma a busasshen wuri. Ka ɗebi iri daga wurin da ya yi daidai da naka ko ya ɗan fi shi bushewa, daga uwaye da yawa, ba icce ɗaya ba. Mai gona a Tanut kada ya dogara da irin Magariya.

A wurin reno ne ake kashe yawancin masu doguwar saiwa tun ba a dasa su ba. Gawo ko aduwa da ya yi wata shida a gajeriyar leda, uwar saiwarsa ta kai gindi ta naɗe, kuma ba za ta miƙe ba bayan dashe. Kafin ka saya, ka ce wa mai reno: "Malam, a fasa mini leda ɗaya in gani." Mai gaskiya ba zai ƙi ba. In kai ke reno, yi amfani da doguwar leda, kada su wuce wata uku zuwa huɗu, ka riƙa ɗaga ledojin don saiwa kada ta huda ta kama ƙasa. A wurin dashe ka yanke gindin ledar da wuƙa mai kaifi tare da duk abin da ya naɗe. Inda za ka iya kare wurin daga dabbobi, shuka iri kai tsaye ya fi: ka zuba wa irin gawo ko bagaruwa ruwan zafi ka bar shi ya kwana a ciki, ko ka ɗan kankare ɓawon, ka shuka uku a rami.

Lokaci shi ne Yuli, bayan ruwa mai ƙarfi da ya jiƙa ƙasa kamu ɗaya ko fiye. Kowane mako na damina da ka ba saiwa zurfi ne take ƙarawa kafin saman ƙasa ya bushe. A arewacin jihar, wanda ya jira Agusta ya yi asarar rabin wannan dama. In za ka yi ban ruwa a ranin farko, ka ba da yawa jefi-jefi, bokiti guda a mako, maimakon ɗan yayyafi kullum da ke riƙe saiwa a sama.

Kafin ma ka sayi dashe, ka zagaya gonarka a bazara ka duba kututturan da ke tohowa. Sabara, kalgo, gawo da magaryar da ake sassabewa kowace shekara suna da tsohuwar saiwa da ta riga ta kai zurfin da sabon dashe zai yi shekaru bai kai ba. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda manoman Maraɗi da Damagaram suka mai da itatuwa da shi a fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan biyar tun daga shekarun 1980. A kowane kututture ka bar rassa biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran daga ƙasa zuwa sama da gatari mai kaifi don ɓawo kada ya yage, ka rage ƙananan rassan gefe har rabin tsayi. Sabara kuwa kada ka raina ta don ba ta zama babban icce: a Senegal an nuna cewa da dare saiwarta tana ɗauko ruwa daga zurfi ta sake shi a ƙasar sama, hatsin da ke kusa ya sha. Ita ka rage mata rassa lokacin shuka, ka sassara ganyen ka baza a gonar, ka bar gindin inda yake.